Gidan Da Aka Hana Kakarki Shiga: Ina Tsofaffin Gidajen Silimar Kano Suka Tafi?

Uwargida, dubi wayar da kike karanta wannan rubutu da ita. Idan a Gyadi-Gyadi kike, ko Tarauni, ko Hausawa, ba mamaki daga kasuwar waya ta Farm Centre aka sayo miki ita. Wataƙila ma ke da kanki kika je, kika ce wa mai adaidaita sahu ya sauke ki a Marhaba, ya sauke ki ba tare da ya nemi ƙarin kwatance ba. To, ko yaranki sun san mece ce Marhaba?

Ki gwada tambayar su yau da daddare. Babban zai ce sunan wuri ne, ƙaramar ta ce wajen biki ne ko wajen sayar da waya. Da wuya a samu wanda zai ce miki gidan silima ce, inda a da samari ke yin layi bayan magariba, su biya kuɗin tikiti, su zauna a fili suna kallon fim ɗin Indiya a jikin ƙaton farin bango. Yau ga shi a unguwa ɗaya ana sayar da ƙananan allunan da suka gaje wancan babban allon, kowa da nasa a aljihu.

Haka abin yake a Wapa. Yaro ya san Wapa wajen 'yan canji ce, inda ake sayar da dala da riyal, bai san sunan gidan silima ne ya bi unguwar ba. Haka Plaza a Fagge, haka Orion a Ƙofar Wambai, haka Eldorado. Sunayen suna nan a bakin kwandasta da masu adaidaita sahu, labarin kuwa yana bin masu shi zuwa kushewa ɗaya bayan ɗaya.

A wasu ƙasashe, idan irin waɗannan gine-gine suka gama aikinsu, akan ware ɗaya a mayar da shi gidan tarihi. Shin Kano ba ta cancanci ko da guda ɗaya ba? Kuma me ya shafe ki, ke da wataƙila ba ki taɓa taka ƙofar silima ba? Ki biyo mu a hankali, za ki ga ya shafe ki fiye da yadda kike zato.

Daga dodon bango zuwa Rex

Kafin a gina gidan silima ko ɗaya, Kanawa sun fara ganin hoto mai motsi ne a majigi. Turawan mulki ne ke zuwa da mota mai ɗauke da na'ura da injin wuta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar sarki ko ta hakimi, jama'a su taru kyauta. Abin da ake nunawa bai wuce tsafta, noman gyaɗa da auduga, allurar rigakafi da labarin Sarkin Ingila ba. Wasu suka sa wa abin suna dodon bango, saboda mamakin ganin mutum yana tafiya a jikin garu alhali ba shi da jiki. Malamai suka yi ta muhawara a kan hukuncinsa.

Silima ta kuɗi daban ce da majigi. A 1937 aka buɗe Rex a wajen ganuwa, ta ɓangaren Sabon Gari. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka kawo harkar, kuma ginin fili ne marar rufi, har da wajen sayar da giya a jikinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki dalilin da ya sa mutanen cikin birni suka ɗauki silima a matsayin wurin da ɗan mutunci ba ya zuwa. Tun daga ranar farko an haɗa sunanta da giya, da dare, da baƙi, da matan da ba sa ƙarƙashin kowa.

Da aka zo gina Palace a cikin birni, a Jakara kusa da kasuwar Kurmi, a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sai rigima ta tashi sosai. Dattawa da malamai suka ce abin da aka haƙura da shi a wajen ganuwa ba za a shigo da shi tsakiyar gidajen mutane ba. An dai gina ta, an buɗe ta, amma ba ta taɓa samun karɓuwa a zukatan maƙwabtanta ba.

Ranar 13 ga Mayu, 1951

Akwai ranar da ya kamata kowane ɗan Kano ya sani, amma 'yan kaɗan ne cikin matasa suka taɓa jin ta. A ranar Lahadi 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a gidan silimar El-Duniya ana tsakiyar kallo. Mutanen da ke ciki sun kai 600. Mutum 331 suka rasu, mafi yawansu matasa. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Gwamnatin lokacin ta kafa kwamitin bincike, aka gano daga ɗakin na'urar haska fim wutar ta taso. Zaren fim na wancan zamani da wani sinadari ake yin sa mai saurin kama wuta kamar fetur. Idan ya kama, ba ya jiran iskar waje don ya ci gaba da ci, shi ya sa ko ruwa ba ya kashe shi da sauƙi, ga kuma hayaƙi mai guba. A daidai waɗannan shekarun ne kamfanonin duniya ke daina yin irin wannan zaren suna komawa wanda ba ya kamawa haka, amma tsofaffin finafinai na ci gaba da yawo a ƙasashe irin namu. Wuta da hayaƙi da turmutsitsin neman hanyar fita suka haɗu a dare ɗaya.

A gari kuwa, mutane da yawa sun fassara abin a matsayin ishara ga masu zuwa silima, kuma wannan ya ƙara wa gidajen kallon baƙin jini na shekaru masu yawa. Amma ki ajiye wannan muhawara a gefe, ki tuna abu ɗaya: kowane ɗaya daga cikin mutum 331 ɗin nan ɗan wata ne. Akwai uwar da ta ajiye wa ɗanta tuwon dare bai dawo ya ci ba. A cikin birni da Fagge akwai zuri'ar da har yau idan aka bi salsala za a tarar da kawu ko ƙanin kaka da ya tafi a wannan gobara.

Darasinta kuma bai tsufa ba. Duk lokacin da kika shiga ɗakin taron biki da yara, ki ɗaga ido ki ga ƙofofi nawa ne, ko a buɗe suke, ko an jera kujeru an tare su. Idan gari yana tuna irin wannan rana, masu gina wuraren taro ma sukan yi hattara. Idan ya manta, sai a sake.

Zamanin Indiya, da matan da ke bayan katanga

Da farko finafinan kaboyi na Amurka da na Ingila ake nunawa. Daga baya masu harkar suka gwada kawo na Indiya, sai abin ya zo daidai da zuciyar Bahaushe. Ga kunya tsakanin saurayi da budurwa, ga biyayya ga iyaye, ga auren dole, ga talaka da mai kuɗi, ga rawani da doguwar riga da mayafi. Ba a jin yaren, amma ana gane labarin. Fim ɗin Mother India na 1957 ya yi shekaru ana maimaita shi ana cika gida. 'Yan kallo suka raɗa wa jarumai sunayen Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Sai finafinan Chana na faɗa suka shigo, yaran unguwa suka koma tsalle-tsalle da ihu a lungu. Karin waƙoƙin Indiya ya shiga bakin mawaƙanmu, har masu bege da bandiri suka riƙa ɗaukar karin suna ɗora nasu baitocin yabo.

Duk wannan, ina mata? Suna gida. Macen da aka gani a silima a Kano ta wancan lokaci ta zubar da mutuncinta da na gidansu. Kakarki, ko mahaifiyarki, ta san labarin fim ne daga bakin yayanta ko ƙaninta da ya saci jiki ya je, ya dawo yana ba da labari a tsakar gida da murya ƙasa-ƙasa kada Malam ya ji. Ta san waƙar daga rediyo. Ta san fuskar jarumar daga hoton da ke jikin kalanda ko murfin littafi. Ginin kansa kuwa, sai dai ta hango katangarsa daga cikin mota.

Ba muna cewa an zalunce ta ba ne. Iyayen da suka hana sun san abin da ke faruwa a bakin ƙofar silima da dare: 'yan daba, shaye-shaye, faɗa. Abin lura shi ne, tarihin silima a Kano rabinsa ne kawai ake bayarwa, rabin maza. Ɗaya rabin, na waɗanda suka ji labari ba su gani ba, yana cikin kawunan tsofaffin mata, kuma babu mai tambayar su.

Yadda fim ya bar silima ya shigo ɗakinki

Talabijin ce ta fara karya katangar. NTA Kano, sannan CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wadda yau ake kira ARTV, suka kawo wasan kwaikwayo da finafinan Indiya har tsakar gida. Wanda ya tashi a wancan lokaci ba zai manta da Samanja da Karkuzu da Kuliya ba, yara cike da ɗakin maƙwabcin da ke da akwatin talabijin, takalma jibge a bakin ƙofa.

Sai bidiyo ta zo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na kaset. Cikin shekara goma harkar ta bunƙasa, Sangaya da Wasila suka zagaye ƙasar Hausa, aka raɗa wa masana'antar suna Kannywood, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar sayar da kaset. A nan ne abin ya juya: matan aure da 'yan mata, waɗanda aka hana zuwa silima, su ne suka zama manyan 'yan kallo. Yaro ake aika shagon haya da 'yan canji, ya karɓo kaset, a kalla bayan an gama girki, a miƙa wa maƙwabciya ta katanga kafin lokacin mayarwa ya yi.

Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai, aka gindaya sharuɗɗa. Gidajen silima suka ci gaba da numfashi sama-sama, masu shirya fim na kai sabon fim a haska kafin ya fita kasuwa. Amma faifan sidi, tashoshin tauraron ɗan'adam, gidajen kallon ƙwallo, matsalar tsaro da ta hana fitar dare, sannan uwa-uba wayar hannu, suka taru suka ƙarasa su. Filin da ke tsakiyar gari kuwa ya fi tsada a matsayin shaguna fiye da wajen kallo. Yau ofisoshin 'yan fim suna nan kusa da ke a titin Gidan Zoo, amma fim ɗin da suke yi a YouTube da Arewa24 kike kallon sa, ko a tura miki a memori.

Tsohon gini, sabon aiki

Mayar da tsohon gini ga wani sabon amfani ba baƙon abu ba ne a Kano. Ita kanta Palace, wadda aka yi ta rigima a kanta, daga baya an rufe ta aka mayar da wajen asibiti. Inda a da ake jin ihun 'yan kallo, sai ya zama inda mata ke kai marasa lafiya.

Gidajen tarihinmu biyu da aka fi sani ma ba don tarihi aka gina su ba. Gidan Makama, wanda ke daura da fadar Sarki, tun ƙarni na 15 yake, ana danganta shi da Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Gidan sarauta ne, Turawa suka yi amfani da shi bayan sun ci Kano a 1903, yau kuma yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ɗalibai na shiga suna ganin tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan Kano ta da. Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, wanda ba shi da nisa da Tarauni, gidan zaman Hanns Vischer ne, Baturen da ya fara makarantar boko a Kano a 1909. Yau gidan tarihi ne a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. Da an rushe waɗannan biyun an yi shaguna, da yanzu sai dai a nuna wa yara wurin da yatsa, kamar yadda ake nuna musu inda dalar gyaɗa take a da.

A waje kuma akwai misalai masu amfani. A birnin Memphis na Amurka, wani kamfanin waƙa mai suna Stax ya karɓi tsohuwar silimar Capitol a 1960 ya mayar da ita wajen ɗaukar waƙa. Da kamfanin ya durƙushe, aka bar ginin ya lalace, aka rushe shi a 1989. Bayan 'yan shekaru mutanen garin suka gane abin da suka yi asara, sai da suka tara kuɗi suka sake gina kwatankwacinsa a daidai wurin, suka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 2003. Sun biya kuɗin gini sau biyu, kuma abin da suka samu kwaikwayo ne, ba na asali ba.

A Buenos Aires ta Ajantina, wani gidan wasa da aka buɗe a 1919, wanda daga baya ya zama silima, an mayar da shi kantin littattafai a 2000 ba tare da an taɓa adonsa ba, yanzu baƙi daga ko'ina na zuwa ganin sa. A Asmara ta Eritiriya, silimar Impero, sa'ar Rex ce don a 1937 aka gina ta, tana nan tsaye a cikin birnin da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2017. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso, 'yan fim da mutanen gari ne suka tashi da kansu neman ceto tsohuwar silimar Guimbi bayan an rufe ta. Indiyawan da muka yi shekaru muna kallo kuwa, a 2019 suka buɗe gidan tarihin finafinansu na ƙasa a Mumbai, wani ɓangarensa a cikin wani tsohon gida na ƙarni na 19 mai suna Gulshan Mahal.

Kano ita ce cibiyar finafinan Hausa, waɗanda ake kallo daga Nijar zuwa Ghana, Kamaru, Sudan da Saudiyya. Idan akwai garin da ya kamata ya ware gini ɗaya don wannan tarihi, ita ce.

Da za a yi, me za ki gani a ciki?

Ki kwatanta a ranki. Ranar Asabar da hantsi, kin shirya yara, kun shiga ta ƙofar da a da ake yanka tikiti. Ɗakin farko na majigi ne: hoton motar, da bayanin yadda kakanni suka fara ganin dodon bango. Na biyu ɗakin na'ura ne, yaro ya ga zaren fim da idonsa, ya ɗaga shi a haske ya ga ƙananan hotuna a jere, a gaya masa hoto 24 ne ke wucewa a cikin daƙiƙa ɗaya har ido ya ɗauka motsi ne. Wannan darasin kimiyya ne da ba zai manta ba. Sai bango guda na El-Duniya, da kwanan wata da adadi da sunayen da aka iya samowa, inda mai wucewa zai tsaya ya yi addu'a. Sai ɗakin fosta da kaset da akwatin bidiyo da littattafan soyayya da aka mayar fim. Sai wani lungu da za ki sa abin sauraro a kunne ki ji muryar tsohuwa tana ba da labarin yadda ta fara kallon fim a ɗakin amarya.

Wata za ta ce: wurin da malamai suka yi ta faɗa a kansa, shi za a raya? Tambaya ce mai kyau, kuma a Kano ba a raina ta. Ba a manta yadda shirin gina ƙauyen fim a Kofa ya tsaya a 2016 ba, bayan malamai da jama'a sun nuna rashin amincewa. Amma adana tarihi daban, yabon abin da aka yi daban. A Gidan Makama akwai kayan yaƙi da hotunan zamanin Turawa, ba wanda ya ce ajiye su goyon bayan mulkin mallaka ne. Gidan tarihin silima na gaskiya dole ya faɗi duka: abin da ya ja mutane, abin da malamai suka ce da dalilinsu, abin da ya lalace, da abin da aka amfana. Kuma a gina shi da shawarar malamai da masu unguwanni tun daga tushe, da rana ake shiga, iyali ne ke zuwa.

Amfaninsa gare ki a fili yake. Yaronki yana kallon abin da ya fi na Marhaba yawa sau dubu, shi kaɗai, a ƙarƙashin bargo, ba mai yanka tikiti, ba mai gadi a ƙofa. Katangar da ta raba gida da silima ta faɗi tuni. Yaron da ya san cewa fim abu ne da mutane ke ƙerawa, da kuɗi da manufa, kuma al'ummarsa ta daɗe tana tattauna abin da ya dace da wanda bai dace ba, ya fi iya tace abin da yake gani a kan wanda kawai aka ce masa kada ya kalla.

Saura ƙiris mu rasa Shaihu Umar

Kada ki ɗauka abin da aka ɗauka a fim ba ya ɓata. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin manyan finafinan Hausa na farko. Shekaru da dama ana jin sunansa ba a ganin sa, har wasu suka fitar da rai. Sai a 'yan shekarun baya aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Fim na Hausa, labarin Hausa, sai da ya je Turai kafin ya sake numfashi.

Idan haka ta faru da fim ɗin da gwamnati ta san da shi, ina ga ɗaruruwan finafinan kaset na shekarun 1990? Zaren kaset yana lalacewa da zafi da danshi da ƙura, abubuwa ukun da Kano ba ta rasa ba. Kamfani na ƙarshe da ke ƙera akwatin bidiyo a duniya, Funai na Japan, ya daina a 2016. Ko da kaset ɗin ya tsira, na'urar kunna shi na ƙarewa. Kuma ba fim kaɗai ke cikin waɗannan kaset ɗin ba. Akwai bikin aurenki, ko na yayarki, da fuskokin iyaye da gwaggwanni da suka riga mu gidan gaskiya.

Abin da ke hannunki tun yanzu

Gina gidan tarihi aikin hukuma ne da masu hali da 'yan masana'antar. Amma kayan da za a zuba a ciki, yawancinsu a gidajenmu suke, a ƙarƙashin gado, a cikin tsohuwar adaka, a saman sif. Ga abin da za ki iya yi ba tare da kin jira kowa ba.

Ki fara da tsofaffin gidanku. Idan kun je gaishe da Baba ko Kawu, ki tambaye shi wace silima ya fara shiga, nawa ne kuɗin tikiti, wane fim ne, wa ya kama shi, wane hukunci aka yi masa a gida. Za ki sha dariya, za ki kuma ji abin da ba ki taɓa ji ba. Ki tambayi Hajiya ita ma: yaushe ta fara ganin fim, a gidan wa, me aka ce musu game da silima suna yara, ko ta ji labarin gobarar El-Duniya daga manya. Ki nemi izininsu ki naɗi muryar a waya, ki sa sunan mai magana da kwanan wata, ki tura wa 'yan'uwa biyu ko uku don kada ya tafi idan wayar ta ɓata.

Kaset ɗin da kika samu, kada ki zubar, kada ki ba yara su zare shi su yi wasa. Ki goge ƙurar, ki jera su a tsaye kamar littattafai, a wuri mai sanyi marar danshi, nesa da rana da lasifika. Wanda ya yi fumfuna ki ware shi daban, kada a saka shi a na'ura. Masu muhimmanci, kamar na biki da suna da saukar karatu, ki nemi amintaccen mai ɗaukar bidiyo ya juye miki su zuwa kwamfuta, ki karɓi naki na asali ki ci gaba da ajiyewa. Ki yi sharaɗi da shi kada ya riƙe kwafi, domin hotunan iyali ne.

Tsofaffin hotuna da fosta da mujallun fim, kada ki manna su da gam ko ki kai a rufe su da leda mai zafi, hakan na ɓata su. Ki ɗauki hotonsu da waya a wuri mai haske, ki rubuta sunayen mutanen da ke ciki a baya da fensir, ki ajiye a ambulan.

Sannan ki kai yara gidan tarihi. Daga Gyadi-Gyadi zuwa Gidan Ɗan Hausa ko Gidan Makama tafiyar adaidaita sahu ce, kuma gani ya kori ji. A hanya ki nuna musu Marhaba, wata rana Wapa ko Plaza, ki ce nan silima ce a da, ki ba su labarin da kika ji daga kakansu. Idan makarantarsu na shirya fita yawon buɗe ido, ki ba da shawara a taron iyaye da malamai a haɗa da gidan tarihi, kada kullum a tsaya a Gidan Zoo. Gidan tarihin da mutane ke zuwa shi hukuma ke kulawa da shi, kuma shi ke sa a yi tunanin buɗe wani.

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Wanda ya shiga Rex yana saurayi a shekarun farko, da wuya a same shi yau. Wanda yake da shekara goma ranar gobarar El-Duniya ya haura tamanin. Masu harka da na'urar haska fim a Plaza da Orion da Marhaba suna nan a cikin unguwanninmu sun manyanta, ba wanda ya tambaye su komai. Duk shekara ana rage su.

Kakarki ba ta shiga silima ba, kuma tana da dalilinta. Amma idan Allah Ya sa wata rana aka buɗe ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine a matsayin gidan tarihi, zai yi kyau a ce muryarta na ciki, kuma jikarta ce ta naɗo ta.

Wace silima ce ta fi kusa da unguwar da kika tashi, kuma me aka mayar da ita yanzu? Wane labari kika ji daga iyaye game da ita? Ki ba mu a ƙasa, 'yan'uwa su ƙaru.